Kwana a otal ɗin marubuta na Aswan: ɗaki kake biya ko labari?

Tambaya daga wani matashi a Jidda:

"Baffa, barka da war haka. Mahaifina ya yi shekara talatin da huɗu yana koyar da Turanci a makarantun Sinnar da Wad Madani a Sudan. Yaƙi ya fito da su, yanzu shi da Inna suna wurina. Littattafansa duk can aka baro su. Tun muna yara yake ba mu labarin wani otal a Aswan inda Agatha Christie ta rubuta littafinta na kisan kai a kan kogin Nilu. Na ɗan tara wani abu, ina so in kai su su kwana biyu a ɗakin da ke ɗauke da sunanta. Ka yi aikin otal, ka san cikinsa da bayansa. Kuɗin zai biya, ko asara zan tafka?"

Amsa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Ka gaishe mini da Malam da Inna. Ka kai su, wannan kam babu ja. Sai dai kada ka kama ɗakin nan mai suna. A lokacin sanyi dubban daloli ake biya a dare guda, alhali abin da za ka zuba a wannan daren zai ishe ku kwanaki a wani ɗakin da tagarsa ke kallon kogin nan dai, da duwatsun nan dai, da faɗuwar ranar nan dai. Tunda ka tambaye ni a matsayin wanda ya ci abinci da sana'ar, bari in warware maka zare da abawa.

Na shiga aikin funduk, kamar yadda muke cewa a gida, a Hartum cikin 1984, ina ɗaukar akwatunan baƙi. Daga nan aka matsar da ni teburin karɓar baƙi, daga baya na tsallako Jidda, na ƙare a ofishin da ke yanka wa ɗakuna farashi. Wannan aiki na ƙarshe shi ya buɗe mini ido. A nan na ga yadda ɗan allon tagulla da bai fi tafin hannu ba, idan aka kafa shi a ƙofa da sunan wani mamaci, yake ninka kuɗin ɗaki ba tare da an ƙara ko matashin kai ɗaya ba.

Otal ɗin da Malam ke nufi sunansa Old Cataract. Kalmar ta biyu ita ce abin da muke kira shallal, wato inda duwatsu suka tsaya a tsakiyar kogi ruwa yana ratsa su da gudu. Shida ake ƙirgawa tsakanin Aswan da Hartum. Na shidan shi ne Sabaloka, inda Malam wataƙila ya taɓa kai ɗalibai shan iska. Na farkon kuwa shi ne wannan na Aswan, kuma a kan wani dutse da ke gaɓarsa ta gabas aka dasa otal ɗin a 1899. Za ka ji masu zagayawa da baƙi suna cewa Thomas Cook ne ya gina shi. Mutumin ya rasu tun 1892, kamfanin da ya bari ne ya yi ginin. Dalilinsu na kasuwa ne tsantsa: su ke da jiragen ruwan da ke ɗauko Turawa masu kuɗi daga Alƙahira a lokacin hunturu, Aswan kuma nan ne jirgi ke cin birki saboda duwatsun, don haka dole a samar wa fasinja wurin kwana da ya dace da aljihunsa. Wannan kamfani ba baƙo ba ne a tarihinmu. Shi aka ba kwangilar kwasar sojojin Ingila zuwa Wadi Halfa, garin Sudan na kan iyaka da Masar, a 1884, lokacin da suka taso ceton Janar Gordon da aka yi wa ƙawanya a Hartum, suka makara, Hartum ta faɗa hannun Mahadi a Janairun 1885. Shi ne kuma gwamnatin Ingila ta Indiya ta ɗora wa jigilar alhazan can zuwa nan Jidda daga 1886, ya yi 'yan shekaru ya saki. Kamfanin da kansa ya durƙushe a 2019, otal ɗin yana nan a tsaye.

To, batun baiwar Allah Agatha Christie. Ga abin da yake tabbas. Ta zo Masar a 1933 tare da mijinta Max Mallowan, mai tonon kayan tarihi, ta hau kogin har kudu, ta sauka a wannan otal. Littafin, Death on the Nile, ya fito a 1937. Otal ɗin yana cikinsa da sunansa: a barandarsa da lambunsa mutanen labarin suka fara cin karo da juna, daga nan suka tafi Shallal, tashar jirgin ruwa da ke kudu da Aswan, suka hau jirgi. Fim ɗin da aka yi a 1978 ma an ɗauki wani sashe nasa a can. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa dalilin zuwa.

Abin da ba ya tsayawa da ƙafarsa shi ne zancen da ake yi wa baƙi cewa ta kulle kanta a ɗaki guda wata da watanni, wasu ma su ce shekara cur, har ta kammala littafin a kan wani teburi. Ita da bakinta, a gabatarwar da ta yi wa wani bugu na littafin daga baya, ta ce bayan ta koma gida daga hunturun da ta yi a Masar ne ta rubuta shi. Malam malamin Turanci ne, idan bugun da ya karanta yana da wannan gabatarwa zai tuna. Ka ga kenan abin da ta ɗauka daga Aswan da ido ta ɗauke shi da kunne: yadda baƙi ke zama a baranda suna gulmar juna, yadda baƙaƙen duwatsu ke kwance cikin ruwa kamar giwaye, yadda yara ke bin Bature suna roƙon bakshish. Waɗannan kuwa ba a cikin ɗaki mai kulle suke ba. Suna waje, inda duk wanda ya kwana a otal ɗin yake da damar zama.

Bari in ba ka labarin da ban cika bayarwa ba. A wani otal da na taɓa yi wa aiki, ba zan kama sunansa ko garinsa ba, sabon manaja ya ji ƙishin-ƙishin cewa wani Bature marubucin tafiye-tafiye ya taɓa kwana a wurin kafin yaƙin duniya na biyu. Aka nemi tsohon littafin rajista, aka tarar gara ta gama da shi. Babu wanda ya san ɗakin, babu ma wanda zai rantse mutumin ya zo. Da safe manaja ya ba ni kuɗi da direba, ya ce in je kasuwar gwanjo. Na sayo wani teburi mai ƙafa ɗaya a gurguje, da tafireta wadda harafi biyu suka ɓalle mata. Kafinta ya gyara ƙafar, ya goge katakon da mai har ya yi duhu. Sai tambaya ta taso: a wane ɗaki za a sa? Manaja bai ko yi dogon tunani ba, ya zaɓi ɗakin da ya fi ba mu wahalar sayarwa, wanda tagarsa ke kallon janareta. Aka kafa allon tagulla. Kafin shekara ta zagayo sai an yi rajista tun da wuri ake samunsa, har wata baƙuwa ta rubuta mana a littafin baƙi cewa ta ji ruhin marubucin yana yawo a ɗakin cikin dare. Ni dai na san janareta ne. Har yau in na tuna ina neman gafarar Ubangiji, don da hannuna na ɗauko teburin.

Ban ce haka aka yi a Aswan ba, kada ka ɗauke ni da nisa. Can matar ta sauka da gaske, kuma wurin yana cikin littafi baƙi da fari. Na kawo maka wannan ne don ka san yadda sana'ar take tunani. Suna haja ce, kuma hajar da ba ta tsufa, ba ta buƙatar fenti.

Dubi littafinta ɗaya, na jirgin ƙasan Orient Express da ya fito a 1934. Otal biyu ke jayayya a kansa. Pera Palace na Istanbul, wanda aka gina cikin shekarun 1890 don fasinjojin wannan jirgi, yana nuna ɗaki mai lamba 411 a matsayin inda aka rubuta shi. Baron na Halab a Siriya shi ma ya daɗe yana nuna nasa ɗakin yana cewa a nan ta fara. Amma in ka buɗe littafin, otal ɗin Istanbul da jarumin ya nufa ba Pera Palace ba ne, Tokatlian ne, wanda tuni ya daina karɓar baƙi, ba shi da mai yi masa talla. Akwai ma abin dariya. A Disambar 1926 matar ta ɓace kwana goma sha ɗaya, Ingila ta ruɗe da nema. A 1979, bayan rasuwarta da shekara uku, wata mai duba daga Amurka ta ce asirin ɓatan yana ɓoye a ɗaki 411, aka ɗaga katakon daɓe aka sami wani tsohon mabuɗi, jaridu suka yi ta yayatawa. Alhali kowa ya san inda aka gan ta a 1926: a wani otal a garin Harrogate, cikin Ingila. Mabuɗin dai har yanzu bai buɗe komai ba sai aljihun masu yawon buɗe ido.

Saboda haka duk lokacin da aka ce maka wane ya yi rubutu a nan, ka tambayi kanka ko shi marubucin ya taɓa faɗa a wasiƙa ko a tarihin rayuwarsa, ko kuwa otal ne kaɗai ke faɗa. Sannan ka tambayi shekarar da aka yi wa ginin gyara na ƙarshe. Old Cataract an rufe shi daga 2008 zuwa 2011, aka yi masa gyaran gaske, aka haɗe ƙananan ɗakuna suka zama manya, adadinsu ya ragu. Bangon waje da dogayen barandu da bakunan ƙofa masu zanen ja da fari suna nan, amma ɗakin da mutum ya kwana a 1933 ba lalle ne iyakarsa ta zama iyakar ɗakin yau ba.

Yanzu ga inda nake so kuɗinka ya tafi. Gini biyu ne a harabar. Akwai tsohon, mai jan bango, mai rufi can sama da dogayen lunguna. Akwai kuma dogon bene da aka ƙara a 1961, wanda aka sabunta a wancan gyaran. Abin mamaki, ɗakunan sabon benen su ne kowannensu ke fuskantar kogi da baranda, har kana hango tsohon ginin daga sama kamar hoto. Tsohon kuwa wasu ɗakunansa lambu suke kallo, kogin yana bayanka. Mutane da yawa sun biya kuɗin tarihi sun buɗe labule sun ga itacen dabino da hanyar mota. Ga mutum irin Malam ni tsohon ginin zan zaɓa, don shi ya zo gani, amma da sharaɗin ɗaki mai kallon Nilu kai tsaye. Kada ka yarda da maganar waya. Ka sa su rubuto maka: tsohon gini, taga ko baranda a kan kogi. In ka ga an rubuta cewa ana ganin wani sashe na kogi, a yaren sana'armu ma'anarsa sai ka leƙa da wuya ka karkata hagu. Ka kuma faɗa musu dattawa ne, a ba su kusa da lif, da banɗaki mai shawa ta tsaye, don shiga bahon wanka mai zurfi wahala ce ga mai ciwon gwiwa. Otal ɗin a kan dutse yake, matakala ba ta ƙarewa tsakanin baranda da bakin ruwa.

Shi kuma ɗakin mai suna? Da na sauka a can da uwargida a 2016, na je teburin baƙi na tambaya ko za a iya nuna mana shi. Ba kowa a ciki ranar, wani ma'aikaci ya zagaya da mu, muka ga falo, muka ga teburi, muka tsaya a baranda, minti goma sha biyar muka fito. Ka tambaya tun ranar da kuka isa, ka faɗa musu ko wane ne Malam da abin da ya kawo shi. Ma'aikatan irin waɗannan wurare sun gaji da masu ɗaukar hoto su wuce. In suka sami dattijon da ya san littafin da ka, su da kansu za su riƙe shi da hira.

Abin da har yau yake idona daga wannan tafiya yamma ce guda. Bayan la'asar muka zauna a baranda. Zafin dutse ya fara sauka, iskar arewa ta taso, jiragen faluka masu farin tanti suka fito ɗaya bayan ɗaya suna kewaya tsibirin Alfantin ba ƙarar inji. A gabanmu kangon tsohon gari da matakalar da mutanen Fir'auna ke auna cikar kogi da ita. Can tsallake, a kan tudun rairayi, ƙubbar kabarin Aga Khan na uku, wanda ya rasu a 1957, matarsa kuma ta riƙa sa a ajiye masa jan fure kullum har ta bi shi a 2000. Wani ma'aikaci Banube, wato ɗan ƙabilar Nuba ta bakin Nilu, dogo, da farar riga, ya kawo mana karkade mai sanyi, zoɓonmu dai na gida, raɓa tana gangarowa a jikin kofin. Na ce masa na gode da Larabcinmu na Sudan. Ya tsaya cak, ya ajiye faranti, ya ce, "Daga ina?" Na ce Umdurman. Ya ce dangin kakarsa 'yan Halfa ne, rabi ruwa ya tura su kudu, rabi arewa. Muna cikin haka aka kira magariba daga masallatan gari, wani ya ɗauka wani ya amsa, ruwan ya koma launin jan ƙarfe. Uwargida, wadda tun a jirgi take mitar kuɗin da na kashe, ba ta sake cewa uffan ba. An ce tsohon shugaban Faransa Mitterrand nan ya zaɓa ya yi Kirsimetinsa na ƙarshe a 1995, makonni kaɗan kafin rasuwarsa. A wannan yammar na gane dalili.

Maganar Banuben nan ta kawo ni kan abin da nake ganin zai fi taɓa Malam fiye da kowane teburi. Jirgin da ke cikin littafin ina ya nufa? Wadi Halfa. Ƙasarmu. Daga Shallal ya tashi, ya tsaya Abu Simbal, ya kai shallal na biyu, ya juyo. Kisan ma a kan hanyar dawowa aka yi shi, ba a otal ba. Wannan hanya yau babu ita. Da aka gina babbar madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970, tafki ya haɗiye tsohuwar Halfa da gidajenta da dabinonta da otal ɗinta na hukumar jirgin ƙasa. Daga 1964 aka kwashe mutane kusan dubu hamsin a jirgin ƙasa zuwa Khashm al-Girba, aka sa wa wurin Sabuwar Halfa. Gumakan Abu Simbal an yanka su gunduwa-gunduwa an ɗaga su sama tsakanin 1964 da 1968, duniya ta haɗa kuɗi. Mutanen kuwa tikiti aka ba su. Wanda ya baro gidansa da littattafansa a Madani ba sai an yi masa bayanin wannan ba. Gidan tarihin Nuba, da aka buɗe a 1997, yana kan tudu kusa da otal ɗin, tafiyar ƙafa ce ga mai ƙarfi, ga Malam ka ɗauki mota. Ka ba shi safiya guda a can, kada ka gaggauta shi.

Akwai kuma ƙaya a cikin tarihin gidan, gara in faɗa maka kafin ka taka. Ɗaya ɗakin mai tsada a otal ɗin sunan Churchill yake ɗauke da shi. Shi ma marubuci ne, har lambar Nobel ta adabi ya karɓa a 1953. Amma mu mun san shi ta wata ƙofar. Yana cikin mahayan Ingila a yaƙin Karari kusa da Umdurman ranar 2 ga Satumba 1898, inda bindigogi masu ruwa suka kashe Ansar, wato mabiyan Mahadi, kusan dubu goma kafin azahar, ya kuma rubuta littafi a kan yaƙin, The River War, a 1899, shekarar da ake ɗora tubalin otal ɗin. Tsibirin lambun itatuwa da masu faluka za su yi ta kiran ku zuwa, har yau da sunan Kitchener ake kiransa, kwamandan wannan rana. Babban ɗakin cin abinci mai ƙubba kuwa sunansa 1902, tunawa da buɗe tsohuwar madatsar Aswan a Disambar wannan shekara. Ni da na zauna ƙarƙashin ƙubbar lissafi na kama yi. Wata bakwai bayan wancan biki, a Yulin 1903, aka yi yaƙin Burmi da Turawa, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Kakana yana cikin yaran da aka goyo a wannan hijira. Su ma kogin nan suka nufo, da ƙafa, ba mai kawo musu karkade a faranti. Ban ce wannan ya hana ni cin abincin ba, na ci na ƙoshi. Amma Malam mutumin Sinnar ne, zai yi wannan lissafin ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, ka bar shi ya yi.

In marubuci ake nema a Aswan, akwai ɗan gari wanda ba a manna sunansa a ƙofar ɗaki mai tsada ba: Abbas Mahmud al-Aƙƙad, mai jerin littattafan Abƙariyyat da aka karantar da mu a makaranta. A Aswan aka haife shi a 1889, ya rasu a 1964, a nan aka binne shi. Da sojojin Jamus suka doshi Alamain ta Masar a yaƙin duniya na biyu, shi kuma ya riga ya yi rubutu mai zafi a kan Hitila, Hartum ya gudo ya fake, dattawanmu masu karatu sun daɗe suna ba da labarin zamansa. Wato shi ma ya taɓa yin gudun hijira, ta hanyar da 'yan'uwanmu suka bi a 2023, sai dai shi kudu ya nufa su arewa. Ziyarar kabarinsa ba ta cin ko sisi.

Mu ma fa muna da irin waɗannan gidaje. Grand Hotel na kan titin bakin Nilu a Hartum tun farkon zamanin Turawa aka gina shi. Acropole, wanda wani Bagirke ya buɗe a 1952, nan 'yan jarida da masu tonon tarihi na duniya ke sauka, littattafai da yawa a kan Sudan a falonsa aka fara tsara su. Ya tsallake harin 1988, bai tsallake Afrilun 2023 ba, ya rufe. Allah ya dawo mana da zaman lafiya.

Sauran maganar ta takarda ce da aljihu, kuma ita ce ta fi kayar da mutane. Kafin ka biya ko riyal ɗaya, ka gama da biza. Daga Yunin 2023 Masar ta wajabta biza ga duk mai fasfon Sudan, har mata da yara da dattawan da a da ba a tambayarsu. Sannan ka duba zamansu a nan: in da bizar ziyara suke, ka tabbata ba mai shiga sau ɗaya ba ce, kada ka fitar da iyayenka yawon kwana uku ƙofa ta rufe a bayansu. In a kan iƙamarka suke, ka yi musu fita da dawowa mai isasshen lokaci. Ɗakin kuma ka kama shi a farashin da ake iya fasawa a mayar maka da kuɗi, ko da ya ɗan fi tsada. Ka kuma tambaya ko otal ɗin a buɗe yake gaba ɗaya a kwanakin da kake so, don irin waɗannan tsofaffin gidaje suna yawan sauya kamfanin da ke tafiyar da su, kuma kowane sabon hannu da gyara yake farawa.

Lokaci: daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka kauce wa makon Kirsimeti da sabuwar shekara, nan farashi ke hauka. Farkon Disamba ko ƙarshen Janairu ya fi. Da bazara araha ce, amma zafin ya wuce digiri 40, barandar da kuka zo dominta ba ta zaunuwa sai dare. Daga Jidda zuwa Alƙahira kamar awa biyu ne a sama, daga can zuwa Aswan kusan awa ɗaya da rabi. Akwai jirgin ƙasa mai gado da ke kwana a hanya, fiye da awa goma sha biyu. Ga saurayi daɗi ne, ga Inna ban ba ka shawara ba. Farashin da ka gani a intanet ka duba ko an haɗa da kuɗin hidima kashi 12 da haraji kashi 14, don a Masar a kan ɗora su daga baya, a ɗaki da a abinci. Kai kuma ba dole ka kwana a can ba. Ka kama musu kwana biyu, kai ka nemi matsakaicin masauki a bakin Kurnish, wato titin bakin kogi, ka sanar da teburin baƙi cewa ɗansu ne kai, don ba a barin wanda ba baƙon gida ba ya shiga haka kawai. Ranar da kuka fita daga otal, in kuna son ƙarin yamma guda, lambun Firyal yana manne da shi, kuɗin shiga kaɗan ne, kogin kuma bai san bambanci ba.

Gidan yana sayar da giya, ka sani. Ka ce a kwashe ta daga ƙaramin firjin ɗaki kafin su shiga, abu ne da ake yi kullum, ba mai kallon ka. Nama a Masar ba abin damuwa ba ne, amma girkin ɗakin 1902 na Faransawa ne, wasu miyoyinsu da giya ake haɗawa, ka tambayi mai kawo abinci kai tsaye. Suna kuma da ƙa'idar sutura da dare. In Malam da jallabiyarsa da rawaninsa zai shiga, kuma haka ya kamata ya shiga, ka rubuta musu tun kafin ku taso su amsa maka a rubuce, don kada wani yaro sabon ɗauka ya tsayar da dattijo a bakin ƙofa. Ka riƙe canjin fam na Masar a aljihu saboda masu ɗaukar kaya da masu gyaran ɗaki. Ni na yi wannan aikin, na san abin da ɗan ihsanin nan yake yi a gidan mutum.

Ka nemo masa kwafin littafin a kantunan Jidda ko a Alƙahira, na Turanci, mai manyan haruffa in an samu, ka ba shi tun a jirgi.

Duk wasiƙarka Malam, Malam. Inna fa? Ita ba ta zo ganin teburin kowa ba. Ka ware mata yamma guda ka kai ta kasuwar Aswan bayan isha, inda ake jibge buhunan karkade da goruba da lalle da turaren wuta. Rabin kayan daga wajenmu suke zuwa, za ta gane na Kurdufan da ido tun kafin ta taɓa. Ka ja baya ka bar ta ta yi ciniki da kanta, kada ka sa baki, kuma kada ka kuskura ka faɗa wa mai shago otal ɗin da suka sauka.